Takalmin da Muka Auna wa Baba da Tsinke

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa, kuma a ƙarshen sanyin bana surukina ya riga mu tafiya. Ba zan rubuta sunansa ba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa furta shi ba, mutuwa kuwa ba ta ɗauke wa mutum kunyar suruki. Baba nake ce masa, haka kuma zan ci gaba da ce masa a nan.

An yi zaman makoki a gidansa da ke Sevran, gefen Paris, can saman bene, a ɗakuna ƙanana. Jama'a ta cika har matakala. Akwai tsofaffin abokan aikinsa na kasuwar Rungis, inda ya ƙarar da ƙarfinsa yana sauke akwatunan kayan lambu, akwai mutanen ofishin jakadanci da manyan riguna, ga ɗalibai da suka ci tuwon gidan nan ba adadi. Ana cikin addu'a sai ga wasu tsofaffin Turawa maza da mata sun hawo suna haki, kowa da sandarsa, kowa da takalmi mai laka. Da suka ga tarin takalma a bakin ƙofa suka gane abin da ake nufi, sai suka zazzauna a kan matakala suna kwance igiya, suka tare hanya gaba ɗaya. Mai shiga ya tsaya, mai fita ya tsaya.

Wani Alhaji da ke kusa da ni ya sunkuyo ya ce, "Waɗanga kuma daga wace ma'aikata?"

Surukata Inna ta jiyo shi daga cikin ɗaki. Ta ce, "'Yan yawonshi ne. Ku ba su wuri."

Babban cikinsu, wani dogo da ya yi aikin raba wasiƙu kafin ya tsufa, ya durƙusa daga bakin ƙofar Inna kamar yadda ya ga ana yi, gwiwarsa na ƙara. Hausar da ya sani guda ce, wadda Baba ya koya masa a hanya, ita ya faɗa: "Ina gajiya." Inna ta amsa masa da "Babu gajiya," sai dariya ta kuɓuce mata, daga dariyar ta wuce kuka, mu ma muka bi ta. Da suka tafi Alhajin nan ya girgiza kai ya ce, "Mutum ya yi shekaru yana tahiyar da ba ta zuwa ko'ina, ashe jama'a yake tarawa." Maganar nan ce ta sa na zauna rubutu, don 'ya'yana su san kakansu fiye da hoton da ke jikin bango.

Likita ne ya jawo yawon. Da Baba ya ajiye aiki aka gano yana da ciwon suga, aka ce ya riƙa tafiya, ya kuma kula da ƙafarsa ƙwarai, domin mai wannan ciwo ɗan ƙaramin rauni kan iya zama gyambon da zai sa a yanke ƙafa. Ya fara bin bakin ruwan da ya ratsa garinsu shi kaɗai. Wata Lahadi ya haɗu da tsofaffin nan a jere da jakunkuna a baya, ya tambaye su ina za su, suka ce babu inda za su. Ya ce bari ya bi su ya ga inda babu ɗin take. Daga ranar bai sake barinsu ba. Duk Lahadi su hau jirgin ƙasa su sauka a wani ƙauye, su ratsa gonaki da kurmi, su ɓullo a wata tasha da la'asar.

Mutanenmu ba su gane wa abin ba, kuma ni ma da farko ina cikinsu. A wurinmu tafiya sai da dalili, kasuwa ko suna ko gaisuwar mara lafiya. Aka yi ta yi masa tsiya a ƙofar masallaci, ana tambayarsa ko raƙuminsa ne ya ɓata a dajin Faransa. Shi kuwa amsarsa ba ta sakewa. "Shekara da shekaru ina ɗaukar albasar ƙasar ga a kahwaɗa, ban taɓa ganin gonar da ta hito ba. Ku bar ni in je in gaishe ta."

Gaisuwar kuwa da gaske yake yi. Ɗan manomi ne daga ƙasar Maraɗi, ba ya wuce gona bai ɗebi ƙasarta ya murza ba, sannan ya yanke wa mai gonar hukunci, wannan jarumi ne, wancan kuma barci ya yi masa yawa. Wanda ya wuce shi da bonjur guda ɗaya, sannun Faransawa, sai ya tsayar da shi ya tambayi gida da yara da gajiya, har da lafiyar kare. Aljihunsa ba ya rabo da dabino, wanda likita ya hana shi, sai ya raba wa abokan tafiya ya tsaya yana kallon bakinsu. In lokacin salla ya yi su zauna su ci cukunsu, shi ya nemi rafi ya tuɓe takalmi ya wanke ƙafa, ko da ruwan ya kusa daskarewa. Masu shafa a kan takalmi kuwa yakan ce addini ya yarda musu, amma shi bai yarda da ragonci ba.

Lokacin da matar dogon Baturen nan ta mutu, mutumin ya kulle kansa ya daina fita. Sauran suka ce a ƙyale shi, yana bukatar kaɗaici. Baba ya ce shi bai san wannan magani ba. Duk Lahadi ya je ya zauna a bakin ƙofarsa da sanda a hannu, ba ya ƙwanƙwasawa, ba ya magana, sai dai tari lokaci lokaci don a san yana nan. Da mutumin ya ga maƙwabta sun fara leƙe, dole ya ɗaura takalmi ya fito.

Takalmin Baba na farko kwance ne, a kasuwar 'yan gwanjo ya samo shi, kuma ya ci hanya har ya gode Allah. Ƙasansa ya suɗe, gaban na dama ya buɗe baki, igiyar guda ja ce guda baƙa. Mai gyaran takalma na unguwa ya liƙe ya ɗinke har ya gaji, a ƙarshe ya ce shi ba ya tayar da matattu. Baba ya koma sa leda a kan safa saboda ruwa. Inna ta yi magana ta yi magana, rannan ta ɗauke takalmin ta jefa a shara. Baba ya sauka da babbar riga ya tono abinsa a gaban jama'a. Suka yi fushi na sosai, ba mai yi wa wani magana. Mu muna Bron, gefen Lyon, amma rigimar a gidanmu ta tare, domin Inna sai ta kira maiɗakina a waya ta ce, "Hwaɗa ma babanki an sauke abinci," alhali yana zaune a kujerar da ke gabanta. Maiɗakina ta kashe ta kira shi, ya ce, "Hwaɗa mata na ji."

Abin dariya ne, amma tsoro ke ƙarƙashinsa. Ƙafa mai suga a cikin leda da ruwan sanyi ba abin wasa ba ce. Inna ce ta samo dabara. Ta ce 'yarsa in ta saya zai ƙi, ita in ta saya zai ƙi sau biyu, amma kyautar suruki ba a mayar da ita. Haka aka ɗora mini.

A fahimci matsayina. Ni mutumin Damagaram ne da aka yi wa tarbiyya ta da. In na je gaishe da Baba tun daga matakala nake tuɓe takalmi, in durƙusa, idona a ƙasa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. A waya mu gaisa, in miƙa wa 'yarsa. Mutum irina ba zai buɗe baki ya tambayi surukinsa lambar ƙafarsa ba, lambar da ke jikin tsohon takalmin kuwa ta goge tun ba yau ba. Inna ta ce wannan ba matsala ba ce, a gida da me ake aunawa? Ta zaro tsinke daga tsintsiyar da ta zo da ita daga Maraɗi, ta faki idon Baba ta auna takalmin daga waje, daga dunduniya zuwa baki, ta ƙara faɗin yatsa guda, wai ba a ba babba abu daidai wa daida. Maiɗakina ta je Paris gaisuwa ta dawo da tsinken a naɗe cikin ɗankwali.

Na shiga kantin kayan yawo a Lyon na ajiye tsinke a kan tebur. Yarinyar da ke sayarwa ta dube shi, ta dube ni, ta ce takalmin tafiya da ƙafa ake sayensa, in zo da mai ƙafar. Na ce mai ƙafar ba ya zuwa. Ta ce to ita ba ruwanta. Na bi takalma ɗaya bayan ɗaya ina zura tsinken a ciki har na sami wanda ya kwanta a cikinsa lafiya. An auna waje, ni na auna ciki, ga kuma yatsan girmamawa a kai. Har gobe ban yarda laifina ba ne, ni umarni na bi.

Kyauta ta isa Sevran, albarka ta dawo Bron ta bakin maiɗakina. Baba ya ce takalmi ya yi, bai taɓa sa irinsa ba, Allah ya ba mu masu yi mana. Inna ta ce duk Lahadi da shi yake fita. Na yi ta fankama a gida.

Da aka kwana biyu suka zo mana hutu, shi da Inna. Ranar Asabar ya aiko 'yarsa ta ce mini yana son ganin tsaunukan da ke yamma da Lyon, in raka shi. Na so in ce ina da aiki, amma ba a yi wa suruki haka. Muka hau mota zuwa wani ƙauye, muka kama hanyar da ta bi ta cikin gonakin itatuwa. Yana gaba ina baya, da tazarar da ta dace. Tazarar nan ce ta ba ni damar ganin tafiyarsa. Yana jan ƙafar dama, takalmin yana ɗagawa daga dunduniya yana komawa. Na ce a raina tsufa ne, ba huruminka ba ne, kalli itatuwa.

Azahar ta same mu a bakin wani ɗan rafi. Na tuɓe na yi alwala. Baba ya wanke fuska da hannu, ya shafi kai, sannan ya jiƙa hannu ya shafa a kan takalmi, yana kallon wani wuri. Gabana ya faɗi. Muka yi salla, ni dai Allah ya karɓa, don hankalina yana kan ƙafar nan. Da muka sallame na matso, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Baba, a yi mini gafara, ina son in ga ƙafar."

"Wace ƙahwa?"

"Ta dama."

"Lahiyarta lau. Takalmi ne na kirki, Allah shi yi albarka."

"Baba, ba ku wanke ta ba."

Ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ɗaurin aurena. "Kai ke tsaron alwalata yanzu?"

Na durƙusa na kama igiyar takalmin. Bai janye ba. Ya ce, "Ɗiyata ta san ka iya rashin kunya haka?"

"Ita ta koya mini, Baba."

Ya yi 'yar dariya, ni kuwa da na zare takalmin dariya ba ta zo mini ba. Ya cusa jarida a gaba, ya cusa a baya, ya sa safa biyu, ta cikin ta manne da dunduniya. Da na jiƙa ta da ruwa na ɗaga a hankali sai ga rauni a buɗe, gefensa ya yi fari, ba na yau ba ne kuma ba na jiya ba. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba.

"In na ce ya yi mini yawa ka ji kunya. In ka ji kunya ɗiyata ta ji. Na ce ƙahwa guda ce, ta yi haƙuri."

Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na kuma ji ina ƙaunar tsohon nan yadda ban san ina yi ba. Na ɗaure ƙafar da rigata ta ciki, ya dafa kafaɗata muka gangaro zuwa hanyar mota. Wani manomi ya ɗauke mu a motar kayansa. Tun daga nan har ƙauye Baba yana yi masa bayanin abin da ya kamata ya gyara a gonarsa, mutumin yana ta cewa dakor, dakor, wato to, na yarda.

Likitar da ta duba shi ba ta yi mana dariya ba. Ta ce da an ƙara jinkiri da maganar ta zama wata, kuma ko yanzu ba ta yi alkawari ba. Babu tafiya, babu taka dunduniya, sai raunin ya rufe, in zai rufe. Aka bar shi a gidanmu, mai jinya tana zuwa wanke ciwo. Ya zauna a bakin taga da ƙafa a kan matashi yana kallon ɗan jirgin ƙasan da ke zuwa cikin gari, ran Lahadi kuwa ko magana ba ya so. Na ji tsoro ƙwarai a kwanakin nan. In aka taɓa ƙafar nan, ba ƙafa kaɗai za a yanke masa ba, kuma ta hannun kyautata abin zai zo.

Ranakun da mai jinya ba ta zuwa ni ke canza auduga, don Inna ba ta iya kallo, 'yarsa kuma kuka take yi. Wata rana na gama zan tashi, aka kawo masa tuwo, ya ce in zauna. "Wanda ya ga dunduniyata ya iya cin tuwo da ni." Na zauna, amma lomar farko ta daɗe a bakina kafin ta sami hanya. A kan kwanon nan aka yi shari'ar tsinke. Inna ta ce ita awonta daidai ne, haka ta auna wa 'ya'yanta duka suka girma. Maiɗakina ta ce ita 'yar aike ce. Ni na ce umarni na bi. Baba ya saurari kowa, ya ce laifin tsintsiya ne, a rufe magana.

Raunin ya yi ta ja mana rai, ya rufe ya buɗe, sannan a hankali nama ya taso. Ranar da likita ta ce ya warke, Baba bai bari mun koma gida ba, ya ce kanti. Yarinyar nan ta gane ni tun daga ƙofa. Ta ce, "To, yau an zo da ƙafar." Ta zaunar da shi ta auna duka biyun da safa mai kauri, ta ce gara da muka zo da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura. Ashe ta damansa ta fi ta hagu tsawo, abin da shi kansa bai sani ba duk tsawon rayuwarsa, ya yi ta kallonta kamar baƙuwa. A kantin akwai ɗan tudu da aka jera wa duwatsu don gwaji. Ta ce ya hau ya sauka, in yatsa ya taɓa gaba ko dunduniya ta ɗaga ya faɗa.

Ta juyo ta nuna ni ta ce, "Kuma gaskiya za ku faɗa, ko da wannan zai ji kunya."

Baba ya ce, "Wanga ai ba ya da ita."

Ya gwada ya ƙi, ya gwada ya ƙi, da bakinsa, yana jin daɗin ƙin. Wannan ya matse, wancan nauyi, wancan kuma kalarsa ta 'yan makaranta ce. Ya hau tudun nan ya sauka har mutane suka yi layi a bayansa. A ƙarshe ya zaɓi wani ruwan ƙasa mara kyan gani, ya ce shi ne bai ji shi a ƙafa ba. Kafin mu fita ya tambayi yarinyar lafiyar iyayenta da ta kakanninta, ya ba ta dabino. Manyan takalman da na saya kuwa dogon Baturen nan ne ya gaje su, sun yi masa cif. Tsohon na gwanjo kuwa Inna ta sake kai shi shara, wannan karon da izini, Baba ya raka shi har ƙasa.

Bayan nan mun yi shekaru muna tafiya tare, in sun zo Lyon ko in mun je Paris. Ban daina tuɓe takalmi a matakalarsa ba, shi ma bai ce in daina ba. Amma a hanya kafaɗa da kafaɗa muke, burodi guda muke gutsura, kuma a bakin kowane rafi sai ya miƙo mini ƙafa ba tare da na tambaya ba, ya ce, "Duba aikinka."

Ba suga ce ta ɗauke shi ba, zuciya ce, kwanciyar ba ta yi tsawo ba. Da safen da za a yi masa sutura Inna ta sa aka kira ni. Ta ce ya bar magana, ni zan yi masa wanka tare da liman. Na ce Inna, ni suruki ne, ga 'yan'uwansa. Ta ce ita ma haka ta ce masa, ya ce wancan ya riga ya fara daga ƙafa, a bar shi ya ƙarasa.

Na yi yadda liman ya nuna mini, a natse, ban yi kuka ba har muka iso ƙasa. Na wanke ƙafar yadda yake so, da ruwa sosai, har idon sawu, ina tsefe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan, babu wanda wuƙar likita ta taɓa. Tabon yana dunduniyar dama, ya shafe ya yi santsi. Na riƙe ta na kasa saki, sai da liman ya dafa ni ya ce, "Malam, a ci gaba."

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya ba Inna da mu haƙurin rashinsa. Ya koma ga Ubangijinsa da ƙafarsa duka biyu.